Darasi na 14: Duniya ma maganaɗisu ce

Ran kasuwar Kance wani yaro ɗan aji shida ya ji wani baƙo yana talla. Mutumin yana riƙe da ɗan akwati, yana cewa: «Wannan yana jawo wuta daga cikin ƙasa. Ba ya son pil, ba ya son mai, ba ya son rana.» Da gari ya waye yaron ya tambayi malam: «Malam, gaskiya ne? Babana yana so ya saya.» Malam ya ce: «Ka ce ma baba ya dakata tukuna. Yau za mu duba wannan magana tare.»

1. Mu gwada

Ku samo allura, da ƙwarya cike da ruwa, da ɗan busasshen ganye, da maganaɗisu. Wasu suna ce masa mayen ƙarfe. Akwai shi cikin lasifikar tsohuwar rediyo. Ku goga allurar a jikinsa kamar sau 30, kullum ta gefe guda. Ku ɗora ta bisa ganyen, ku sa ganyen a kan ruwa, ku kai maganaɗisun nesa.

Me kuka gani? Allurar ta juya a hankali, sannan ta tsaya. Kai ɗaya yana duban arewa, ɗayan yana duban kudu, wajen Matameye. Ku juya ta da yatsa, za ta koma inda take. Babu wanda ya taɓa ta. Duniya ce take jan ta, domin duniya kanta babbar maganaɗisu ce. Can cikin cikinta, a zurfin wajen kilomita 2900, akwai narkakken ƙarfe mai motsi dare da rana. Motsinsa ne yake haifar da wannan ƙarfi.

2. Yadda ake samun wutar lantarki

Ku dubi dinamon keke. Cikinsa akwai maganaɗisu da waya ta jan ƙarfe wadda aka nannaɗe. In keke yana tsaye, fitila ba ta kamawa, ko da yake maganaɗisun yana nan. In an tuƙa, taya ta juya maganaɗisun kusa da wayar, sai fitila ta kama. In an ƙara gudu, haske ya ƙaru. In an tsaya, ya mutu.

Wani masani ɗan Ingila, Maikel Farade, shi ya gano wannan a shekara ta 1831. Sai an haɗa abu uku: maganaɗisu, da waya, da motsi. Wutar da muke ce ma kuran mafi yawanta haka ake yin ta. A madatsar ruwa ta Kainji, a Najeriya, wadda aka gama a 1968, ruwan Kwara ne yake juya injuna. A Anu Araren, a jihar Agadas, tun 1981 ana ƙona gawayin ƙasa, ruwa ya tafasa, tururi ya juya injin. A keke kuwa, ƙafafunka ne. Ko'ina akwai mai yin aikin.

3. To, maganaɗisun duniya fa?

Tun da duniya maganaɗisu ce, in muka motsa waya a fili ya kamata mu samu wuta. Haka ne, ana samu. Amma nawa? Duniya babba ce, sai dai ƙarfin maganaɗisunta a nan bisa ƙasa kaɗan ne ƙwarai. Wanda kuka ciro daga rediyo, a kusa da jikinsa, ya fi shi ƙarfi sau ɗaruruwa.

Ga misali. Ka riƙe sandar ƙarfe mai tsawon mita 1 a tsaye, ka hau keke, ka nufi gabas da gudun kilomita 18 a awa. Tsakanin kan sandar da gindinta za a samu ƙarfin wuta, amma bai kai kashi 1 cikin 5000 na bolt guda ba. Pil ɗaya na tocila yana da bolt ɗaya da rabi. Dinamon keke yana ba da bolt 6.

Masana sun daɗe suna gwadawa. A 1832 Farade ya tafi wata gada a birnin Landan, ya zura faranti biyu na ƙarfe cikin kogin Tems, ya haɗa su da waya. Yana ganin ruwan da ke gudu cikin maganaɗisun duniya zai ba da wuta. Tunaninsa daidai ne, amma kayan awonsa ba su iya nuna ta sosai ba.

A 1996 Amurka da Italiya suka gwada a sararin sama. Kumbon Kolumbiya yana kewaya duniya da gudun wajen kilomita dubu 28 a awa. Aka saki waya mai tsawon kusan kilomita 20 daga jikinsa. Aka samu bolt 3500. Daga nan wayar ta tsinke. Kun ga, sai da aka sami doguwar waya da gudu mai tsanani kafin wutar ta yi yawa.

A 2025 wasu masana a Amurka suka ce sun samu wuta daga juyawar duniya kanta, da wani ɗan bututu na musamman. Abin da suka auna kashi 17 ne cikin miliyan ɗaya na bolt. Sai an jera irinsa fiye da dubu 80 kafin a kamo pil ɗaya. Wasu masana ba su yarda ba, suka ce sai an sake gwadawa a wasu wurare. Haka aikin ilimi yake: ba a karɓar magana sai an gwada ta.

4. Abin da ya fi mana amfani

Ƙasarmu tana da rana mai yawa. Farfesa Abdu Mumuni, masanin Nijar wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya yi shekaru yana bincike a kan ƙarfin rana. Farantin hasken rana ba ya bukatar maganaɗisu ko juyi: hasken ne yake yin aikin. Da shi ana kunna fitila, ana cika batirin tarho, ana jawo ruwa a ba garka.

Malam ya dubi yaron ya ce: «Akwatin nan, in fitilarsa ta kama, akwai pil a ɓoye cikinsa. Ka ce ma baba ya roƙi mai talla ya buɗe shi gaban mutane kafin ya ba da kuɗinsa.»

Mu riƙe

Duniya maganaɗisu ce, amma ƙarfinta kaɗan ne. Maganaɗisu shi kaɗai ba ya ba da wuta, sai da waya da motsi. Duk inda aka ga wuta, akwai abin da ya yi aikin: ruwa, ko tururi, ko mai, ko iska, ko rana, ko ƙafar mutum.

Kalmomi da Faransanci

maganaɗisu: aimant
allura mai nuna arewa: boussole
wutar lantarki: électricité
jan ƙarfe: cuivre

Tambayoyi

1. Me ya sa allurar ta tsaya tana duban arewa?
2. Waɗanne abubuwa uku ake haɗawa a samu wuta cikin dinamo?
3. Me yake juya injuna a Kainji? A Anu Araren fa?
4. Pil nawa za a jera a samu bolt 6?
5. In kai ne wannan yaro, me za ka ce ma babanka? Rubuta layi biyar.