Sabon mai moto: ina za ka koyi tuƙi?

Kaka ta yi kyau, ka saida wake ko aya ko albasa, ka sayi moto. Barka da arziki. Darasinmu na yau naka ne.

A ƙauyukanmu ga yadda ake koyon moto: wani ɗan uwa ya kai ka bayan gari, ya gwada maka yadda ake tada shi da yadda ake sa giya. Ka yi zagaye uku, ya ce ka iya. Wanga koyo bai isa ba. Tada moto abu ne mai sauƙi, yaro ma yana iyawa. Abin da ke da wuya shi ne tsaida shi lokacin da akuya ta faɗo hanya, ko amalanke ta fito daga gona ba fitila. Wannan ɗan uwanka ba zai koya maka ba, don shi ma ba a koya mashi ba.

Makarantar koyon tuƙi ana ce mata oto-ekol. Akwai su a manyan garuruwa kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Yamai. In ba ka san inda take ba, tambayi ma'aikatar sufuri ta jaharku, ko ƴan kabu-kabu waɗanda sunka yi permi. Takardar izinin tuƙin moto ita ce permi A. Ta mota daban take, ita ce permi B.

Kada ka biya kuɗi ranar farko. Ka zauna ka duba. Makaranta da yawa mota suke koyarwa, moto sai a baki. Saboda haka ka ce a gwada maka moton da ake koyo da shi, da filin da ake koyo. Ka tambaya ko malami yana yin bayanin dokokin hanya da Hausa. Ka tambayi jimlar kuɗi tun daga rubuta suna har jarrabawa, ka rubuta cikin littafinka, kuma duk abin da ka biya a ba ka rasit. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, nan karatunka zai yi maka rana.

In wani ya tare ka bakin ƙofa ya ce kawo kuɗi shi samo maka permi ba tare da ka zauna aji ba, ka rabu da shi. Takarda ba ta taka birki.

Malamin kirki za ka gane shi ga abin da yake sa ka maimaitawa. Moto yana da birki biyu, na hannu na ƙafar gaba, na ƙafa na ƙafar baya. Mutanenmu da yawa suna tsoron na gaba, sun ce yana kada mutum. Amma bisa gudron na gaba shi ne mai ƙarfi, shi ke yin mafi yawan aikin tsaida moto. Ana matsa shi sannu-sannu tare da na baya, ba a fizge shi. Cikin rairayi kuwa, in ka damƙe shi da ƙarfi, ƙafar gaba ta zame, sai ka ji ka ƙasa. Hanyoyinmu na karkara rairayi ne, don haka ka roƙi malami ya koya maka duka biyu, gudron da rairayi. Ka roƙi kuma a koya maka tafiya da mutum baya ko da buhu, don moto mai kaya ba ya tsayawa inda marar kaya ke tsayawa.

Ga wani lissafi. In kana gudun kilomita 60 a awa, cikin sakan 1 kana cin mita 17. Sakan 1 kuwa shi ne kamar lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin ganin haɗari da taka birki. Ke nan ka wuce mita 17 tun birki bai kama ba. In ka ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata yana ninkuwa sau 4.

A aji za a koya maka alamomin hanya. Mai kusurwa uku da jan baki tana gargaɗi. Mai da'ira da jan baki tana hani. Shuɗiya mai da'ira umurni ce. A mararrabar da ba alama, wanda ya fito daga damarka shi ke fara wucewa.

Sai kaske, hular kwano. Mun sani akwai zafi, balle a watan Afirilu. Amma binciken likitoci ya gwada cewa kaske yana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 70. Sai an ɗaure igiyarsa ƙarƙashin haɓa, in ba haka ba shi ke fara tashi. Malamin da ya ɗora ka bisa moto kai sake, ka nemi wani.

Lokacin da ya dace shi ne rani, bayan an cika rumbu, kafin sharar gona. In garinku na da nisa da birni, ku haɗu ku biyar ko goma cikin ƙungiyarku ta manoma, ku tura mutum guda ya yi magana da mai makaranta. Jama'a sun fi mutum guda samun ragi, kuma kuna iya haɗa kuɗin masauki. Kafin ka samu permi, kada ka hau babbar hanya kamar ta Yamai zuwa Damagaram, inda manyan kamiyo ke gudu.

Aikin wanga mako, ku yi shi tare a wurin sauraren rediyo: kilomita 1 mita 1000 ne, awa 1 sakan 3600 ce. Mai moto yana gudun kilomita 36 a awa. Mita nawa yake ci cikin sakan 1? In ya kai kilomita 72 fa? Ku auna amsar da taku a filin makaranta, kowa shi gani da idonsa.