Gyaran cikin tsohuwar mota

A nan Damargu ba a saurin yada mota. In ka je tashar Tanut, ko kasuwar Gangara ko ta Belbeji, za ka ga motocin da suka girmi direbobinsu. Akwai Toyota masu ratsa rairayi. Dattawa kuma suna tuna Peugeot 404, wadda ake kira kat-san-kat. An fara ƙera ta a Faransa a 1960. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, cikin Nijeriya, kuma can aka ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000. Shi ya sa har yau akan gamu da ita nan da can.

Mai tsohuwar mota yakan kula da inji da taya, ya manta da cikinta. Ya ce ai kujera ba ta hana tafiya. Gaskiya ne. Amma ƙarfen kujera in ya leƙo, yana yage rigar fasinja, wani lokaci har ya ji masa ciwo. Gobe mutumin nan wata mota zai shiga.

Me ke ɓata cikin mota a ƙasarmu? Na farko rana. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Ledar kujera sai ta bushe, ta tsage. Sai ƙura da girgizar hanya, sai buhunan hatsi da ake turawa ta ƙofa.

Mu fara da kujera, don ita ta fi shan wuya. Kada ka jira yaga ta kai tsawon hannu. Tun tana kamar ɗan yatsa za ka kama ta. Ka nemi basilla irin ta dukawa, da zare mai ƙarfi, da ɗan ƙyallen fata ko leda mai kauri. Ka wanke wurin da sabulu, ka bari ya bushe. Ka yanka ƙyallen ya fi yagar faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, domin kusurwa mai tsini ita ke fara ɓamɓarewa. Ka cusa shi ta ƙarƙashin yagar, ba ta sama ba. Sannan ka ɗinka.

Ga abin lura, ɗan'uwa. Kada ka matse ɗinkin kusa da kusa. Tsohuwar leda ba kamar yadi take ba. In ramukan allura suka yi yawa a jere, sai ta sake yagewa ta nan. Ka bar tazara kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. In soson ciki ya cinye, tsohuwar katifa ta isa. Ka yanko daidai ramin, ka rufe ƙarfen da tsumma mai kauri kafin ka ɗora soson. In aikin ya fi ƙarfinka, baduku yana nan. Wanda ya iya ɗinka sirdi, kujerar mota ba za ta gagare shi ba.

Sai murfin cikin ƙofa. Yawancinsa kwali ne mai tauri da aka lulluɓe da leda. In ya sha ruwan damina sai ya lanƙwashe. Wasu sukan cire shi su jefar, su bar ƙofa tsirara. Wannan ba dabara ba ce, don rairayi zai cika ƙarafan da ke ɗaga gilashi. Ka kwance hannun gilashi da na buɗe ƙofa, ka zuba kusoshin cikin gwangwani kada su ɓace. Ka ɗora tsohon murfin a kan katako marar kauri, ka zana shi da fensir, har da ramukansa, ka yanka. Kwalin sabulu ko na shayi ba ya yi, damina ɗaya zai yi. Kafin ka mayar da murfin, leƙa ƙasan ƙofar. Akwai ƴan ramuka na fitar ruwa. Ka tsokale su da waya, don ƙura tana toshe su, ƙofa ta yi tsatsa.

Game da gam mai wari, irin na masu gyaran takalmi: ana shafa shi a gefe biyu, a jira kamar minti 10 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a danne. Ka yi aikin a inuwa, ƙofofi a buɗe. Gam ɗin yana kama wuta, warinsa kuma yana cutarwa. Ba taba, ba ashana, kuma a ajiye shi nesa da yara.

Allon gaban direba in ya tsage, ba ya komawa sabo. Ka shimfiɗa masa yadi mai duhu, amma kada ka rufe ramukan iska. Farin yadi yana haskawa a gilashi, ya dame ka da rana.

Abu ɗaya ne ban yarda a ɗinka a gida ba: ɗamarar kujera. In ta yage, sai a sake wata.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna?
2. Don me ba a matse ɗinki a tsohuwar leda?
3. Ka tambayi kuɗin basilla da zare da gam a kasuwarku. Ka rubuta su, ka haɗa jimla.