DARASIN WATA: DUTSEN DA KE ƘARƘASHIN RAIRAYINMU

Jama'a, wanda ya tashi daga Mai'aduwa ya bi ta Kwangwalam zuwa Damagaram zai tarar da manya-manyan duwatsu jibge a tsakiyar gari. Haka kuma wanda ya je Zariya zai hangi Kufena, na Zamfara kuwa ya ga Kwatarkwashi. Irin wannan dutse mai tauri da ɗige-ɗige, masana suna kiransa giranit. Darasinmu na wannan wata a kansa yake, domin yana da alaƙa da ruwan da muke sha.

Yaya aka yi ya samu?

Asalinsa narkakken dutse ne mai tsananin zafi a can cikin ƙasa. Bai fito waje ba, sai ya huce sannu a hankali har ya daskare. Wannan jinkirin ne ya sa ƙwayoyinsa suka yi girma har ido yana ganinsu: akwai masu kama da gilashi, akwai farare ko jajaye, akwai baƙaƙe masu ƙyalli.

Masana sun ce irin na Kufena ya kai shekara wajen miliyan 600. A wancan zamani dogayen tsaunuka ne a wannan yanki. Ruwan sama da iska suka yi ta cinsu har suka zaizaye, sai gindinsu ya bayyana. Wani Bature mai suna Falconer ne ya laƙaba musu suna tsofaffin giranit a 1911, don a bambanta su da ƙannensu na Jos, inda ake haƙar kuza. Akwai dangin na Jos ɗin a duwatsun Azbin, wajen Agadas.

Ina ruwanmu da shi?

A nan ƙasar Daura rairayi ya rufe yawancin wurare. Amma a sassa da dama na Jihar Katsina, in mai haƙar rijiya ya yi zurfi sai ya ci karo da fa. Lafiyayyen giranit ba ya riƙe ruwa kamar yashi. Ruwa yana taruwa ne a wuri biyu: a samansa inda ya ruɓe ya zama tsakuwa da yumɓu, da kuma cikin tsagoginsa. Shi ya sa wani zai haƙa ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu.

Damagaram a kan irin wannan dutse take zaune. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedkwatar Nijar daga can zuwa Yamai a 1926.

Saboda haka, in ƙungiyarku ta tara kuɗin rijiyar burtsatse, kada ku ce lallai sai a ƙofar gidan mai gari. Ku nemi ma'aikatan ruwa su auna ƙasa tukuna, ku kuma tambayi dattawa inda tsofaffin rijiyoyi suka yi albarka. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya sa ƙwayoyin giranit suke da girma?
2. A wurare nawa ruwa yake taruwa a wannan dutse?
3. Me ya kamata a yi kafin a haƙa rijiya?

Ku rubuta amsoshinku ku nuna wa malamin ajinku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.