Filin Gwaggo: Ina ake kwana a bakin Gulbin Rima?

Ni ma'aikaci ne a Kaduna, asalina Birnin Kebbi, amma rabona da zaman gida tun ina firamare. Wata huɗu ke nan da aurena. Na ga yadda Turawa ke ɗaukar jirgin ruwa a Faransa da Ingila su yi kwanaki suna bin kogi, kowace yamma su tsaya a wata tasha su sha mai, su yi wanka, su kwana. Sai na ƙudura idan na sami hutu zan ɗauki amaryata mu yi kwana uku a kan ruwa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Na duba taswira a waya har idona ya yi ja, ban ga tasha ko ɗaya ba. Ina ake tsayawa? Ga shi kuma Hajiyarmu ta ce in dai da yawunta, ba za a sa 'yar mutane cikin kwale-kwale ba.
Ɗanki, daga Kaduna.

Ɗana, Allah ya sa albarka a auren. Ka huta da duba wayar nan, abin da kake nema ba ya ciki. Waɗancan tasoshin da ka gani an gina su ne a kan ruwan da aka yi wa ƙofofi da gyare-gyare, zurfinsa ɗaya rani da damina. Namu gulbin kuwa mai ra'ayin kansa ne. Inda jirgi ya bi bara, bana kana iya tarar da gonar shinkafa. Abin da muke da shi mashigi ne, wato inda mutanen ƙauye ke ƙetarewa da babura da buhunansu, mata na wanki a gefe, yara na iyo. A nan ake ɗaure jirgi a jikin turke. Masauki kuma mutum ne, ba gini ba. In ba ka da wanda ya san da zuwanka a garin, to ba ka da wurin kwana.

Saboda haka tafiyarka za ta fara ne da ƙafa. Ka je Argungu kai kaɗai tukuna, mota awa guda ce daga Birnin Kebbi, kilomita 50 da 'yan kai. Ka nemi wani dattijo ya kai ka gaisuwa wurin Sarkin Ruwa ko mutanensa, ka faɗi abin da ke tafe da kai. Su za su haɗa ka da matuƙin da ya san hanya, shi kuma matuƙin yana da ɗan'uwa ko abokin su a kusan kowane mashigi. Da ɗan gari kan ci gari. Shi zai aika wa mai garin da za ku sauka, kai kuma ka riƙe goro da ɗan abin gaisuwa. Mai gari zai ba ka zaure, amarya ta shiga cikin gida wurin mata. Na san ba haka ka so ba, amma haka ake yi, kuma da safe ita za ta fi ka labari.

Kuma ka juya tafiyar. Ruwan daga Sakkwato yake gangarowa, ya bi ta Argungu, sannan ya iso Birnin Kebbi, ya wuce ta wajen Bunza ya je ya faɗa Kwara. In ka tashi daga Birnin Kebbi gaba da ruwa za ka yi, injin ya ci mai, matuƙi ya ci wuya. Tashi daga Argungu, ruwan da kansa zai kawo ka gida.

Lokaci shi ne babbar magana. Agusta da Satumba kada ma ka fara. Fadama kan zama teku, ba ka gane gulbi ba ka gane gona, ga shi in an saki ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori sai ka kwana a tudu ka tashi cikin ruwa. Mutanen nan ba su manta ambaliyar 2010 ba, balle ta 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi. Daga Maris zuwa Mayu kuma ruwan ya ja baya, injinan ban-ruwa na zuƙar ɗan abin da ya rage. Ni na taɓa shiga jirgi a irin wannan lokaci, mai jirgin ya rantse mini da ruwa har wuya. Ba mu yi nisa ba sai ji muka yi ƙirrr, gindin jirgi ya hau yashi. Haka muka fito, na tattare zanina zuwa gwiwa, takalmi a ka, muna turawa, wasu yara masu kiwon shanu a gaɓa suna ta yi mana dariya. Wani ƙaramin cikinsu har da ce mini sannu da tuƙi, Inna. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: ruwa ya kwanta bai ƙafe ba, ana yankan shinkafa, sauro ya ɗan ragu. Duk da haka ka ɗauki gidan sauro da bargo, sanyin bakin ruwa da asuba ba ya jin magiya.

Kwana uku a kan ruwa ya yi yawa ga masu farawa. Ni da zan tsara maka, daren farko a cikin garin Argungu za ku yi shi, a masaukin baƙi mai ƙofa da makulli. Ku shiga gidan tarihi na Kanta, wanda dā fadar Sarkin Kabi ce, ku ga kayan yaƙi da na su. Ku je bakin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin nan da ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sai dai kada zumuɗi ya sa ka jefa ƙugiya a wurin, an hana su a nan sai ranar biki. Washegari ku shiga jirgi bayan asuba, ku sauka kafin la'asar ta yi sanyi, ku kwana ɗaya tak a ƙauye. Man inji a jarka, ruwan sha naku, don babu inda za ka saya a tsakiyar fadama. Dare kuwa babu tafiya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ma ta hana zirga-zirgar jirage da dare. Kuma ka tambayi halin tsaro a satin da za ku tashi, ba na watan jiya ba. Tun harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie cikin Nuwamban 2024, baƙon da ba a san da zuwansa ba yana tayar wa mutane hankali, kuma suna da gaskiya.

Saura Hajiya. A duk wasiƙarka ban ga inda ka ce amarya ta ce tana so ba. Ka tambaye ta? In ta yi shiru tana wasa da bakin mayafi, amsa ke nan. In kuwa tana so, ku fara da yawon awa biyu a bakin Dukku, nan Birnin Kebbi, da rana tsaka, ku dawo ku ci tuwo a gaban Hajiya. Amma kada ka tafi a ɓoye.

Gwaggo, ina wuni. Mu 'yan Yauri ne, duk ranar kasuwa sai mun shiga jirgi. Na sayi rigar kariya da kuɗin adashena, maigida ya ce rashin tawakkali ne, kuma ina ba shi kunya a tasha. Yaya zan yi?
'Yarki, daga Yauri.

'Yata, ki sa rigarki. Ke da ke Yauri kin fi ni sanin abin da ya faru a Warrah, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021: jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a tsakiyar Kwara, 'yan kaɗan suka fita. Cikin waɗanda suka tafi akwai gwanayen iyo.

Kada ki yi gardama da shi a bainar jama'a, a nan ne namiji ke kafewa. Ki sami malaminsa ko yayansa a keɓe su yi masa bayanin tawakkali, sun fi ki bakin faɗa masa. Rigar kuma ki sa ta ƙarƙashin hijabi, ki ɗaure igiyoyinta sosai, don sakakkiya zamewa take yi ta kai in an faɗa ruwa. In adashe ya sake zagayowa, ki sayi ƙanana na yara, sannan babba guda ɗaya. Ki rataye ta a ƙusar da yake rataye hularsa, kada ki ce masa komai.