Fasali a kan ginin masallaci da rayar da shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa almajirai na Kakuri da Makera, kun tambaye ni zancen zawiyar da kuke nufin ginawa: da bulo da kwano za a yi ta, ko a koma ga ginin ƙasa irin na magabata?

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, masallacin Annabi a Madina da tubali aka gina shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. In an yi ruwa sai ya zubo, a yi sujada cikin laka. Wannan shi ne asali.

Magabatanmu sun ƙawata, ba su yi alfahari ba. Ku dubi masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Tubali ne da azarar giginya, an ɗaura bakan gizo bisa ginshiƙai masu kauri. Na yi salla a cikinsa ina yaro mai allo, bazara na ƙuna a waje, ciki sanyi kamar randa. Wanda ya shiga, muryarsa da kanta take yin ƙasa.

To, ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashinsa ya rufta, masallata suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Ginin ƙasa yana son yaɓe kamar yadda zuciya take son wuridi. Mutanen Jenne a Mali, masallacinsu na 1907 ne, kowace shekara gari duka yakan fito a yaɓe shi. Wannan ne nake kira rayarwa. Kwaikwayon ƙubbar wata ƙasa kuwa, ado ne.

Jawabina ke nan. Ruwan Kaduna ya fi na Kano yawa. In kun ɗauki alkawarin yaɓe da duba indararo kowace shekara kafin damina, ku da 'ya'yanku, ku nemo magini daga Zariya. In ba za ku iya ba, ku yi da bulo, babu laifi, amma ku kaurara bango, ku ɗaga rufi, kada a rubuta sunan kowa a ƙofa. Kafin a haƙa harsashi, a fara daidaita alƙibla.

Wallahu a'alamu. Tamat.