Nasiha ga Ɗiyata Mai Neman Aikin Laburaren Jami'a

Ɗiyata, na ji kina shirin neman gurbin da aka tallata a laburaren jami'a, a sashen da ke taimaka wa malamai da ɗalibai su gudanar da bincike ta kwamfuta da intanet. Allah Ya sa albarka.

Takardu dai ki haɗa su cif: digirinki na ilimin laburare da shaidar rajistarki da hukumar ma'aikatan laburare ta LRCN, wadda dokar 1995 ta kafa. Waɗannan kowa zai zo da su. Abin da masu tantancewa za su tsaya su duba shi ne aikin da hannunki ya taɓa yi.

Kada ki cika takardarki da jerin sunayen manhajoji. DSpace, wadda jami'o'i da yawa ke ajiye kundayen bincike a cikinta, kyauta take tun 2002 da jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar da ita, kowa yana iya cewa ya santa. Ke ki ce: na ɗauki hoton kundayen digiri na sashe kaza, na rubuta wa kowanne sunan marubuci da shekara da maudu'i bisa tsarin Dublin Core, ga adireshin, ku buɗe ku gani. Ko guda talatin ne, in dai aikin ya kammala, ya wadatar. Ɗaukar hoto ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana wajen bayanin da zai sa mai bincike ya gano abin bayan shekara ashirin.

Sannan ga ajaminki da kika koya a makarantar allo, wanda na san ba ki yi niyyar ambatonsa ba. Ki ambace shi, kuma a sama. Akwai rubuce-rubucen hannu a Arewa House da ke Kaduna, akwai wasu masu ɗimbin yawa a gidajen malamai a Kano da Sakkwato da Katsina, kuma har yanzu na'ura ba ta karanta irin wannan rubutu yadda ya kamata. Sai mutum ya zauna ya karanta, ya gane waƙa ce ko fiƙihu ko wasiƙa. Idan aka tambaye ki yadda za ki yi da su, ki fara da haƙƙin masu su: a nemi izini, a ba su kwafi, a bar musu asalin. Shirin Laburaren Birtaniya na ceton tsofaffin takardu, wanda ya fara a 2004, ba ya fitar da asali daga ƙasarsa, mu ne ya fi kamata mu riƙe wannan amana.

Ranar ganawa ke ma ki yi tambaya cikin ladabi: kwafi nawa ake ajiyewa, a ina, kuma me ake yi idan wuta ta ɗauke? Ki sani kuma ma'aikacin laburaren jami'a sai ya yi rubutu ya wallafa kafin ya samu ƙarin girma, don haka ki je da batun binciken da kike son bi.

Ki tura takardunki tun kafin ranar rufewa, ki kuma ba wani babba a fannin ya karanta miki tukuna. Allah Ya ba ki sa'a, Ya yi miki jagora.