Darasi: Gashin Ciwon Daji da Masu Ɗaukar Mara Lafiya

Abin karantawa: Markus 2:1-12

'Yan'uwa, cikin karatunmu mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye bisa shimfiɗarsa, suka buɗe rufin ɗaki domin su kai shi gaban Yesu. Ku riƙe mutanen nan huɗu a zuciya, gama za mu komo wurinsu.

A ƙasar manoma irin Tsanyawa, ciwon dajin hanta yakan fito daga abu biyu: ƙwayar ciwon hanta da likitoci ke kira B, da dafin da ke cikin gyaɗa ko masara da suka yi fumfuna a rumbu. Wani lokaci ciwon yakan bi jini ya sauka a ƙashin ƙugu. Sa'an nan mutum ba ya iya sunkuyawa da hauya, zama wahala, kwanciya wahala, dare ya yi masa tsawo.

Akwai magani da a ke kira gashi. Sunan yana tsoratar da mutane, amma babu wuta a ciki. Haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Mara lafiya ya kwanta 'yan mintoci, na'ura ta auna wurin da ciwon ya ke, ba ya jin kome. Wani sau 1 a ke yi masa, wani sau 5, wani sau 10. Ga waɗansu zafin yakan ƙaru kwana biyu tukuna, kada wannan ya karya zuciyarku. Sauƙi yakan zo cikin mako 1 zuwa 4, kuma fiye da rabin waɗanda a ke gasawa suna samunsa.

Amma mu faɗi gaskiya. Idan ciwon ya kai ƙashi, gashi ba ya warkar da shi, zafi ya ke ragewa. Wanda ya ce wa iyali su sayar da gona domin warkewa ta tabbata, ya cuce su. Wanda kuma ya ce neman sauƙi a asibiti rashin bangaskiya ne, shi ma ya cuce su. Barcin dare ɗaya ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ya yi wata uku bai runtsa ba.

To, ga aikin mutanen nan huɗu. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika, kusa da Zariya. Daga Tsanyawa sai an bi ta Bichi da Kano, mai ciwon ƙugu kuwa ba ya iya zama a matse cikin mota. Wa zai biya masa kujera biyu? Wa zai fara bincika ko na'urar tana aiki kafin a tashi? Wa zai nome gonarsa?

Tun 2004 an sa rigakafin ciwon hanta B cikin allurar jarirai a Nijeriya, ta fari kuwa a ranar haihuwa a ke so a yi ta. Matan zumunta, ku tambayi kowace mai jego a ekklisiyarku ko an yi wa ɗanta.